Laya a Ƙofar Direba

Abin da ya fara tarbata a Dubai zafi ne. Ni mutumin Sabon Birni ne, na san rana, na yi walda a bakin kasuwar Isa da azumi a bakina, amma wannan zafin daban yake, mai damshi, yana manne wa mutum a wuya kamar an shafa masa koko. Muna fitowa daga filin jirgi wani siririn mutum ya tara mu, ya karɓe fasfo ɗinmu ya zuba a leda, ya nuna mana wata bas. Ejan da ya yi mini hanya a Kano ya rantse cewa ƙofofi da tagogin gidajen attajirai za ni riƙa haɗawa, a cikin gari, da ɗakina ni kaɗai. Ina kallon dogayen benayen nan ta taga suna ja da baya har suka ɓace, muka shiga rairayi. Har yau idan na tuna fuskar ejan nan da dogon carbinsa sai raina ya ɓaci. Allah ya isa tsakanina da shi, ban kuma janye ba.

Aka sauke mu a wani sansanin ma'aikata, ɗakuna jere, gado bisa gado. A ɗakinmu akwai 'yan Pakistan da 'yan Bangaladash da wani ɗan Nepal mai tari, ba wanda na ji bakinsa, ba wanda ya ji nawa. Abinci kullum shinkafa da wata miyar wake ruwan ɗorawa. Cikin satin farko na rame har sai da na huda wa bel ɗina sabon rami.

Wurin aikin wata rumfar ƙarfe ce da za ta haɗiye tashar motar garinmu har da masu shayin bakinta. Ina shiga na tsaya cak. Motocin yaƙi ne jere. Akwai ƙanana, a-kori-kura irin na sintiri, waɗanda ake kwance su a shimfiɗa musu sulke a mayar da jikinsu yadda yake, ka gan ta a titi ka ce ta ɗan kasuwa ce. Akwai manya masu ɗaukar sojoji, tayarsu ta kai mini ƙirji, gilashinsu kaurin tubali, a samansu an yanka zobe inda maharbi zai tsaya da bindiga mai jigida. Gindinsu ba shimfiɗe yake ba, an lanƙwasa shi kamar kwamin ban ruwan shanu, don idan motar ta taka nakiya ƙarfin ya watse gefe da gefe, kada ya ɗaga na ciki. Bindigogin ba a wurinmu ake ɗorawa ba, mu jiki muke yi. Can ƙarshen rumfar akwai ɗakin gwaji inda ake yanko fallen ƙarfe a sakar masa harsashi. Ranar da aka nuna mini wani falle da aka harba na shafa wurin da yatsa. Ɗan lotsawa kawai ya yi, fenti ya tashi.

Basiru ne ya faɗo mini a rai. Basiru ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma direban soja. Tun yana karen mota a hanyar Isa zuwa Shinkafi ba shi da zance sai na sitiyari. Bayan ɓarayin daji sun tashi ƙauyenmu da ke bayan Tsamaye, muka kwaso Inna muka dawo cikin Sabon Birni, shi ya shiga soja, ni kuma da aiki ya mutu a kasuwa na nemi hanyar waje. Allah ya sa aka turo rundunarsu yankinmu, yana raka 'yan kasuwa da matafiya a kan hanyoyin da ya sani tun yana rataye a bayan mota. Motarsa buɗaɗɗiya ce, bindiga a baya, ƙofarta kuwa na taɓa gyara irinta, da guduma ɗaya za ka lotsa ta. Tun daga ranar, duk fallen da na ɗaga sai in auna shi da waccan ƙofar.

Na daɗe ban ji Hausa a bakin kowa ba. Wata rana lokacin cin abinci ina zaune gefe ina juya wake da cokali, sai na ji an ce, "Kai, Bagobiri, wa ya kwance ka?"

Na waiwaya. Wani dattijo ne mai tumbi, rigar aikinsa duk fenti, yana nuna kumatuna da ƙashin kaza.

"Wannan zanen na fuskarka," in ji shi, "kakana ne ya yi muku don kada ku ɓace. Ga shi duk da haka ka ɓato har nan."

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, har da ƙwalla. Na ce, "Bayerabe, tashi ka gaishe da ubangidanka. Ko ba a koya maka ba?"

Tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Sunansa Rasaki, shi ne babba a sashen fenti, ya yi shekaru yana sayar da kayan mota a Gusau, can ya kwashi Hausa. Ya miƙa hannu ya ɗauke ɗan naman da ke kwanona ya ce haraji ne. Ranar Juma'a kuma ya kira ni ɗakinsa ya ajiye mini teba da miya mai barkonon da sai da na yi gumi har ƙeya. Shi ya nuna mini inda ake samun waya mai arha, shi ya gaya mini kada in ƙara tambayar fasfona don ba za a ba ni ba, in adana bakina.

Ba a shiga rumfar da waya, saboda haka saƙon Basiru sai an tashi nake saurara. Muryarsa kullum da iska da ƙarar inji a bayanta.

"Yaya, ƙaƙa aiki? Mu nan lahiya lau. Jiya munka raka 'yan kasuwa Isa munka dawo. Don Allah turo min hoton wagga babbar mota taku in gani."

Hoto bai yiwuwa, sai in kwatanta masa da baki. In ce gilashi kaza, taya ko an harbe ta tafiya take yi. Ya ce ƙarya nake, in rantse, ya yi ta dariya. Wani lokaci yakan je wurin Inna ya kara mata wayar, in ji tana cewa, "Wanga, kana ci kuwa?" Ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Idan na ji wannan muryar sai in fita bayan ɗaki in zauna bisa bulo. Na yi kewar fura da nonon Fulanin bakin kasuwa, na yi kewar ko faɗan 'yan acaɓa a tasha.

Da damina ta wuce a gida sai muryarsa ta canza. Ya rage dariya. Wata rana ya ce, "Sun fara binne abu bisa hanya, Yaya. Wanda ag gaba shi ka takawa, kuma ka san kullum ni ag gaba. Kada ka gaya ma Inna."

Ban yi barcin kirki ba a satin. Kowace safiya in shiga rumfa in ga motocin da aka yi musamman don wannan abin, ina haɗa su da hannuna, shi kuma yana can cikin gwangwani.

Shugaban sashenmu, wanda muke kira foman, mutum ne mai murmushi da haƙoran gaba kawai. Na taɓa nuna masa hoton Basiru cikin kaki, ranar da na roƙi izinin fita in kira gida. Da wani babban aiki ya shigo, manyan motocin nan masu yawa kuma ana gaggawa, sai ya tara mu 'yan Najeriya da ke walda. Ya dafa kafaɗata ya yi magana, wani ya fassara. Wai waɗannan na sojan ƙasarmu ne, arewa za a kai su. Wai idan muka bar hutun Juma'a muka ƙara awowi, za su isa da wuri. Ya nuna ni da yatsa ya ce don ƙanenka.

Ni na fara ɗaga hannu. Sallar Juma'a kawai muke fita mu dawo. Aka ba ni ƙofofi. Ban taɓa yin walda irin ta wannan lokacin ba, duk layin da bai kwanta mini ba sai in goge in sake, idona ya yi ja, fatar wuyana ta saɓule. Rasaki ya ce, "Bawana, a hankali, ba kai kaɗai ke da ƙane ba." Na ce ya koma ga fentinsa. Na aika wa Basiru cewa suna tafe, ya ƙara haƙuri, ya riƙa bin sawun tayar wasu.

Akwai laya a damtsena tun daga gida. Kawu Malam, yayan Inna da ke karantar da yara a Unguwar Lalle, shi ya rubuta, Inna ta kai wa baduku ya ɗinke da jar fata, ta ɗaura mini da hannunta. Na san akwai masu cewa bidi'a ce. Su je su faɗa wa Inna, ni ba za ni iya ba. A wurinmu ana sa wa jariri a wuya, ana ratayawa a madubin mota, ana turawa cikin rufin sabon ɗaki, ba wanda zai waiwaya.

Wata rana da hantsi na gama ƙofar direba ta wata babba, saura a rufe mata bangon ciki. Na tsaya ina kallon ɗan ramin da ke tsakanin sulke da bangon, daidai inda cinyar direba take zama. Na kwance layar, na ɗaure ta da 'yar waya a jikin wani ƙarfe don kada ta yi ƙara, na yi bisimilla na rufe. Na ce wa kaina ko ba Basiru ya samu wannan ba, ɗan wata ne zai zauna nan. Amma gaskiya shi nake gani a kujerar, da hularsa a karkace.

Ban san cewa kafin a miƙa mota masu saye sukan turo mutanensu su zura 'yar kyamara mai dogon wuya cikin kowane rami ba. Muna cikin aiki aka busa ƙararrawa, aka kore mu waje cikin rana, 'yan sanda suka zo da karnuka. Ana ta raɗe-raɗin an samu bam, wasu suka ce na'urar bin sawu ce. Ni ma ina tsaye ina tambayar abin da ya faru. Kowace ƙofa da lambar wanda ya yi waldarta, don haka ba su sha wahala ba. Sai da na ga jar fatar nan cikin ledar ɗan sanda sannan na gane ni ake nema.

A ofishinsu wani jami'i ya sa reza ya farke ta a gabana. Na ji kamar fatata ake yanka, don tun ina yaro na san ba a buɗe laya. Ya warware takardar, ya ga rubutun Kawu, ya ga hatimin da ke ƙasa mai gida-gida. Ya ture ta da bakin biro ya ce sihiri. Na ce Alƙur'ani ne, na karanto masa ayar da ke sama da Larabcina na allo. Ya saurara har na kai aya, ya gyara mini wani harafi, sannan ya ce ta bakin tafinta ba a rubuta Alƙur'ani cikin akwatuna, kuma a ƙasarsu sihiri laifi ne na ɗauri, balle a cikin motar yaƙin mutane. Ya tambaye ni wa ya aiko ni, wa nake so in kashe. Na ce ina da ƙane. Na faɗa, na sake faɗa, ban ga alamar ya gane abin da ya haɗa ƙane da ƙofa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, da aka kira azahar ni da shi sahu ɗaya muka tsaya.

Aka kai ni gidan tsare baƙi. Ba duka, ba zagi, sai sanyin na'ura dare da rana da fitilar da ba a kashewa. Wani tsoho ɗan Bangaladash ya ga ina rawar ɗari ya yafa mini rabin bargonsa, muka yi ta zama a haka ba mu taɓa yin hira ba. Ɗaurin bai dame ni kamar rashin waya ba. Kowace safiya in ce yanzu sun tashi daga gari, yanzu sun kai kwanar nan mai yashi, yanzu yana gaba. Ban san ko yana da rai ba, kuma ba wanda za ni tambaya.

Ranar ziyara aka kira sunana. Rasaki ne, ya sha babbar riga da hula kamar mai zuwa biki.

"Kai ka fi duk Gobirawa wauta," in ji shi ta bayan gilashi, "kuma ka san ba ƙaramar gasa ba ce."

"Ka kira Basiru?"

"Na kira, ba ta shiga. Ka san wayar yankinku." Ya kawar da kai kaɗan. "Za ni ci gaba da gwadawa."

Daga baya tafinta ya ba ni labarin abin da Rasaki ya yi. Ya ɗauki wani direba ɗan Sudan don ya fassara masa da Larabci, suka je wurin jami'in nan, ya zauna ya ƙi tashi. Ya ce masa irin wannan abin a ƙasarmu uwa ke ɗaura wa ɗanta, shi ma uwarsa ta ɗaura masa yana yaro, in laifi ne a haɗa da shi. Ya ce, wannan bawana ne, na san shi, wawa ne amma ba matsafi ba ne. Mutumin da ya ce in adana bakina, shi ya je ya buɗe nasa a inda zai iya rasa aikin da ya tsufa a kai. A ƙarshe aka ce ba za a kai ni kotu ba, za a mayar da ni gida, kuma kada in sake taka ƙasar.

Ranar tafiya ya kawo jakata da wayata a kashe, aka bar mu muka tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe yana gyara zif ɗin jakar da ba abin da ya same shi.

"Sahabi," in ji shi. Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Motocin nan sun zo wurina. Na fesa musu launin rairayi da tutar wata ƙasa. Ba namu ba ne. Foman ya sani tun farko."

Da a ce foman na kusa, da ban hau jirgi ba a ranar, da ɗaurin gaske za a yi mini. Na tuna saƙon da na aika wa Basiru cewa suna tafe. Rasaki ya tura mini ƙullin barkono cikin aljihu ya ce in gaishe masa da bayinsa na gida. Na ɗauki jakata na wuce.

A Kano na kunna wayar. Saƙonnin Basiru suka yi ta shigowa. Na farko yana tsokanata, wai na ga Larabawa na manta da su. Na gaba yana tambaya ko lafiya. Wani yana cewa Inna ta damu, in yi magana ko kalma guda. Daga nan babu. Can ƙasa sai muryar Kawu Malam, a hankali kamar yana karatu. "In ka samu saƙon ga ka kira. Shina da rai, ka gode Allah."

Daga Sakkwato sai da muka jira rakiyar soja kafin motarmu ta kama hanyar gida. Buɗaɗɗiyar mota ce ta shige gaba, bindiga a baya. Na sunkuyar da kai har muka isa.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ka iso," ta nuna mini gindin dogon yaro da haɓa. Basiru na zaune bisa tabarma ya jingina da itacen. Ƙafar wandonsa ta hagu an naɗe ta a gwiwa an soke da fil. Abokinsa da ke zaune gefensa a motar ranar da suka taka nakiya an riga an yi masa sadakar bakwai. Kunnensa ɗaya ya daina ji, sai ya juyo mini ɗayan.

"Yaya, ka yi baƙi," ya ce. "Ashe can ma rana ta."

Na durƙusa na riƙe hannunsa. Shi ya bubbuga mini baya.

"Bari wanga. Zamna ka ba ni labarin wagga babbar, yanzu ba waya tsakani."

Na zauna na ba shi. Gilashi, taya, gindin nan mai kama da kwami, kaurin ƙofa. Yana saurare bakinsa a ɗan buɗe. Ban gaya masa inda aka kai su ba.

"Giya nawa gare ta?"

"Ba a sa mata da hannu. Ita ka canza ma kanta."

"Kuloci hwa?"

"Ba ta da kuloci. Totur da birki ɗai."

Ya dubi ƙafarsa ta dama, ya motsa yatsun, ya danna su gaba kamar mai taka wani abu.

"Totur da birki," ya ce. "To ai duk aikin dama na." Fuskarsa ta washe irin yadda na san ta. "In sunka iso ka hwaɗa min, Yaya, in tai in gwada."

Inna ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Na ce masa to.